Mai Gyare da Gadon Ƙarfe

An yi wani mutum a garin Arlit, ba za a kama sunansa ba, don danginsa suna nan muna cin kasuwa tare da su. Wani dare, bayan an yi isha'i an ci abinci, ya kwanta ke nan sai ya ji wani kuka yana fitowa daga ƙarƙashin gadonsa. Ƙas, ƙas, ƙas-ƙas-ƙas. Ba na ɓera ba ne, ba na tsaka ba. Ya fi kama da kukan gyare, sai dai gyare yakan tsaya ya huta, wannan kuwa ba ya hutawa.

Matarsa Zahra ta ɗaga kai ta ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Gyare ne. Kwanta abinki."

Ya kunna tocila ya leƙa. Babu komai sai akwatinsa na katako, wanda Zahra ta tura can da rana lokacin da take shara. Ya jawo shi ya buɗe. A ciki akwai tsohuwar rigar aikinsa, da hular kwano, da wata na'ura rawaya wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Turin da aka yi wa akwatin ne ya danna maɓallinta. Ita ce take kukan.

Shekara goma sha ɗaya mutumin nan ya yi yana tsaye a ƙofar mahaƙar yuraniyom, ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Aikinsa shi ne ya bi jikin kowace motar kaya da wannan na'ura kafin ta fita. Da aiki ya tsaya aka sallame su, ya dawo gida da akwatin, babu wanda ya tambaye shi ina na'urar, shi ma bai tuna wa kowa ba.

Ya 'yan uwa, cikin abubuwan mamaki da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙasarmu akwai dutse mai zafin da ba ya ƙona hannu. Ba shi da hayaƙi, ba shi da wari. Ka ɗora shi a harshe ba za ka ji komai ba. Amma in ruwansa ya shekara yana bi ta cikin bututun ƙarfe, sai ya bar wani abu a ciki wanda wanki ba ya fitarwa, fenti ba ya rufewa. Ido ba ya gani. Na'urar nan kaɗai take ji, in ta ji sai ta yi kuka, allurar da ke cikin gilashinta ta tashi. Mutanen garin nan gyare suke ce mata. Ashe akwai halittar da ba ta ci, ba ta sha, amma ba ta iya yin shiru a kan abin da ta sani.

Gadon kuwa sabo ne, ko wata bai yi a ɗakin ba. Wani maƙeri ne ya haɗa shi da tsofaffin bututu, ya shafa masa shuɗin fenti, ya lanƙwasa ƙarfe ya yi tsuntsaye biyu a wajen kai. Zahra ta daɗe tana sonsa.

Da gari ya waye, mutumin ya ɗauki na'urar ya bi ƙafafun gadon ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai bututun wajen kai, inda tsuntsayen suke, allurar ta tafi har ƙarshe ta tsaya tana rawa. Zahra tana bakin ƙofa riƙe da kwanon koko. Ta gani. Ta juya ta koma tsakar gida.

To me ya kamata ya yi? Hamada tana nan, ba ta da iyaka, rami ɗaya ya isa. Yana iya zuwa ya gaya wa maƙerin. Yana iya kai wa hukuma. Amma in ya kai, za a ce ina ya sami na'ura. In ya binne kuwa, sabon gado ya tafi a banza, babu ko wanda zai ce an gode.

Katanga ɗaya ta raba shi da maƙwabcinsa Kalib, wani tela Kirista da ya zo daga Maradi. Matar Kalib, Priskila, tana da tsohon ciki, a tabarma take kwana. Da la'asar mutumin nan ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Tela, zo ka kama mini. Gadon nan ya yi mini tsayi, ƙuguna ba ya so. Ku ɗauka, uwargida ta huta da ƙasa."

Kalib ya ce, "Maƙwabci, da gaske kake, ko tsokanar da ka saba ce?"

"Ka taɓa ganin na yi wasa da ƙarfe? Kama can."

Suka ɗauka su biyu suka shigar. Priskila ta yi ta shafa tsuntsayen nan tana dariya. Ranar Lahadi aka yi masa addu'a a ɗan majami'arsu, aka ambace shi da Musulmin da ya san haƙƙin maƙwabtaka. Labari ya zo masallaci. Mutane suka yaba, shi kuma ya ji daɗin yabon. Wannan shi ne zunubinsa na farko, kuma da rigar sadaka ya shigo.

A lokacin tsoron tsofaffin ƙarafa ya cika gari. Kowa ya san wasu daga mahaƙa suke fitowa, ta hanyoyin da ba a faɗa, su zama ƙofa, su zama tukunya, su zama murhu. Babu wanda ya san wanne ne wanne. Sai mutumin nan ya ga sana'a. Ya wanke rigar aikinsa, ya sa hular kwano, ya sa aka sassaƙa masa hatimi, ya buga takardu masu cewa an auna, babu lahani. Ya shiga kasuwa. Aka raɗa masa suna Mai Gyare.

Sati biyu na farko da gaskiya ya yi. In gyare ya yi kuka, sai ya ce a janye wannan. Mai saye ya gudu, mai sayarwa ya ɓata rai. Ran nan wani dillalin ƙarafa, Alkassoum, ya ja shi bayan rumfa ya zuba masa shayi.

Ya ce, "Abokina, gyaren nan naka ba ya barci ne?"

"Ba ya yi."

"Kowane mai rai yana barci. Ka duba dai. Kuka ba ya ciyar da kowa a kasuwar nan."

A gefen na'urar akwai wani ɗan maɓalli wanda in ka ture shi, kukan ya ɗauke, amma allurar tana nan tana aikinta. An yi shi ne don masu aiki a wurin da ba a son hayaniya. Mai Gyare ya ture shi, ya manna baƙin tef a kai. Saura allura. Ita kuma gilashinta ƙarami ne, babban yatsa yana rufe shi tsaf.

Ku duba inda ya kama mu, ya 'yan uwa. Duk wanda ya girma a garin nan ya san kukan na'urar, ko daga bakin ubansa, ko a ƙofar mahaƙa. Kunne muka sani. Ba mu san allura ba. In ya kara ta a jikin ƙarfe, kowa sai ya yi tsit ya karkata kai yana saurare, har mata sukan toshe wa jarirai baki. In aka ji shiru, sai a ce alhamdu lillahi. Shi kaɗai yake ganin bakin allurar yana leƙowa ta gefen farcensa.

Shekara uku yana haka. Ya auna ƙofar masallacin unguwa. Ya auna tukwanen mai abincin tasha. Ba duka ne masu zafi ba, yawancinsu lafiyayyu ne. Amma shi kaɗai ya san waɗanda ba lafiyayyu ba, kuma takarda iri ɗaya ya ba kowa.

Akwai wani dattijo mai lambu a bayan gari, Mano, ya sayi bututun ban ruwa wurin Alkassoum da takardar Mai Gyare ɗaure a jiki. Wata rana wasu mutanen wata ƙungiyar kare muhalli suka zo suna zagaya lambuna da tasu na'urar. Suna isa bututun Mano ta ɗauki kuka. Mano ya shiga bukka ya fito da takardarsa, a naɗe cikin leda kamar laya. Suka duba, suka dubi juna. Washegari ya tafi wurin jandarma, mutum goma sha wani abu suka bi bayansa, kowa da takardarsa.

Mai Gyare ya sami labari tun kafin su iso. Ya zare pil ɗin na'urar, wato batirinta, ya jefa a masai. Da jandarma suka karɓa suka danna, shiru. Suka jijjiga, shiru. Suka rubuta cewa ba ta aiki, suka sa ta a jaka, suka ɗaure da zare, suka ɗiga jan danƙo a kan ƙullin.

A kotun Arlit ba a ko buɗe jakar ba. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce, ga wani jahili da mataccen akwati, bai san komai ba sai sa hula, yana karɓar abin mutane a kan shirun gawa. Jama'a suka yi dariya. Mai Gyare ya sunkuyar da kai bai musa ba, don mutuwar na'urar ita ce rufin asirinsa. Aka same shi da laifin zamba, aka ɗaure shi shekara biyu.

Shin wannan ba rahama ba ce? An hukunta shi a kan ƙaramin laifi, babban yana kwance cikin jaka da jan danƙo a bakinsa. Da ya zauna ya yi kuka tsakaninsa da Ubangijinsa, ya aika wa Kalib saƙon kalma uku, fid da gadon, da wannan labari ya zama na tuba.

Amma dariyar nan ta bi shi gidan kaso. In ya wuce, sai fursunoni su riƙa kaɗa harshe, ƙas, ƙas, ƙas. In an kawo abinci, wani ya miƙo kwano ya ce, "Injiniya, auna mana waken nan, ko da zafi." Ɗaurin bai dame shi kamar kalmar jahili ba. Shi da ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙofar mahaƙa? Shi da direbobi suke sauka su gaishe shi?

A ɗakinsu akwai wani Ahmudu, wanda dā yake zama a ƙofar kotu yana rubuta wa mutane takardu, har rubutun ya kai shi ciki. Tun satin farko ya zauna kusa da shi ya ce, "Da suka ce akwatinka matacce ne, a gabanka suka gwada da sabon pil?"

"A'a."

"An nuna maka takardar masani? Dole an aika da na'urar wurin masu gwaji, sun duba sun sake ɗaurewa, haka ake yi. Takardar tana can cikin dosiye, wato fayil ɗin shari'arka, ta zo a makare, babu wanda ya karanta. Ka ga, an ɗaure ka a kan cewa na'ura ba ta aiki. In tana aiki, awonka awo ne. In awo ne, ina zambar? Ka ɗaukaka ƙara tun kwanakin ba su ƙare ba. Ni zan rubuta maka, sigari biyu."

Mai Gyare ya kwana yana juya maganar, ta yi masa daɗi. Allura ai babu wanda ya gani. Zai ce ranar da ya auna bututun Mano lafiyarsa lau, daga baya ne ya ɗauko abin da ya ɗauko. Ya sa hannu.

Kada wani ya ji wannan ya ce ɗaukaka ƙara laifi ne. Haƙƙi ne. Haƙƙin wanda ake tuhuma ne ya ga duk abin da aka riƙe a kansa, ya taɓa, ya musa. Akwai bayin Allah da suka fita daga kaso saboda takarda guda da aka manta a ƙasan dosiye. Ƙofa ce da aka yi wa wanda aka zalunta. Sai dai ƙofa ba ta tambayar wanda yake bugawa.

Takardu suna tafiya a hankali. Sai da ya cinye wata goma sha huɗu aka ɗauke shi zuwa Tahoua, inda kotun ɗaukaka ƙara take. Aka ba shi lauya, wata mace mai tabarau. Ta zo ta same shi ta zauna.

Ta ce, "Baba, wata nawa ya rage maka?"

"Goma."

"To ka saurara. Da ka ɗaukaka ƙararka, mai gabatar da ƙara shi ma ya bi bayanka ya ɗaukaka tasa. Ma'ana hannun alƙalai a sake yake. Suna iya ragewa, suna iya ƙarawa. Takardar masanin nan na nema, an ce za a kawo ta tare da jakar. Ni ban san abin da ke ciki ba. Kai ka san na'urarka. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Tana aiki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta cire tabarau ta dube shi. "In ka janye yanzu, ina da hanyar da zan nema a bar ka da wata gomanka. In aka yanke zaren nan, ni ba zan iya mayar da shi ba."

Ya ce, "'Yata, a gaban mutanen garina aka ce da ni jahili."

Ta ce to. Ta tambaye shi ko akwai wanda zai shaidi halinsa. Ya yi tunani, bai sami kowa ba. Zahra ce ta sami mutum. Ba ta ma roƙa ba, ta dai ambata a bakin famfo, Priskila ta kai gida. Kalib ya rufe shagonsa ana tsakiyar ɗinkin salla, ya hau mota ya bi hanyar nan da ta fi gaban gyara, Arlit zuwa Agadez, Agadez zuwa Tahoua, ya iso da ƙura har cikin kunnuwa.

Ranar zama, alƙalai uku suka fito cikin baƙaƙen riguna. Kafin a fara, aka ce duk mai ba da shaida ya fita waje ya jira, don kada ya ji abin da ake faɗa ya gyara nasa. Haka dokarsu take. Kalib ya fita ya zauna a benci ƙarƙashin wata bishiya, yana bitar abin da zai faɗa.

A kan tebur aka ajiye jakar mai jan danƙo, da hatiminsa, da guntun bututun Mano naɗe a leda, takardarsa tana ɗaure a jiki. Babban alƙalin, wani mai furfura da sanyin murya, ya ce, "Ka ce na'urar tana aiki. Ta yaya ka sani?"

Mai Gyare ya gyara tsayuwa. Ranar da ya daɗe yana jira ta zo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba jahili ba ne. A gidana ta fara kuka, a ƙarƙashin gadona, wani gadon ƙarfe mai tsuntsaye. Da safe na auna, allura ta kai ƙarshe. Da matacciya ce, za ta yi haka?"

"Ina gadon yanzu?"

"Na rabu da shi tun ranar."

Alƙali ya rubuta. Aka yanke zare. Aka karanta takardar masanin, wadda Mai Gyare ya yi wata goma sha huɗu yana nema. Ta ce na'urar lafiyarta lau, pil kawai ta rasa. Mai Gyare ya waiwaya ya dubi jama'a, yana so su ji. Mai karatu ya ci gaba. Ta ce an manne maɓallin kuka da tef a wajen shiru, kuma tef ɗin ya daɗe har ya kama jikin roba. Ta ce a kan gilashin allura akwai wata da'ira da ta dushe, kamar inda aka shekara ana gogawa da abu mai maiƙo.

Masanin yana wurin. Ya sa sabon pil, ya miƙa wa Mai Gyare.

Alƙali ya ce, "Auna mana bututun nan. Ka riƙe ta yadda ka saba."

Ya 'yan uwa, an gaya mana akwai ranar da za a rufe bakuna, gaɓɓai su yi magana. Wasu ba sa jira sai ranar. Shekara uku yatsan nan yana zuwa wuri ɗaya. Mai shi bai aike shi ba, bai ma san ya tafi ba. Ya kara na'ura a jikin bututu, kotu ta yi tsit, kowa ya karkata kai yana saurare. Shiru.

Alƙali ya ce, "Ɗaga babban yatsanka."

Ya duba hannunsa kamar na wani. Ya ɗaga. Da'irar nan da ta dushe daidai take da yatsan. A ƙarƙashinta allura tana can ƙarshe tana rawa. Masanin ya sa farce ya ɓare tef, ya ture maɓalli. Kukan ya cika ɗakin. Na bencin gaba suka janye ƙafafunsu. Aka ce a fitar da bututun tsakar gida.

Lauyar ta rufe dosiyenta. Ta miƙe za ta ce a bar mai shaidar da ya rage, amma sunan Kalib yana rubuce, an riga an kira shi.

Kalib ya shigo da sabuwar riga da ya ɗinka wa kansa, ya gaishe da alƙalai, ya yi wa maƙwabcinsa murmushi. Ya ce shi bai san zancen na'ura ba, tela ne. Abin da ya sani, mutumin nan ba mugu ba ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, addininmu ba ɗaya ba, garinmu ba ɗaya ba. Amma lokacin da iyalina take da ciki tana kwana a ƙasa, shi ya ɗauko sabon gadonsa ya ba mu, ko sisi bai karɓa ba. Har da tsuntsaye a wajen kai. A kansa aka haifi 'yarmu Fibi, a kansa take kwana har yau, da su take wasa. Wanda ya yi wannan, ku sassauta masa."

Ya gama, ya tsaya yana jiran a ce an gode. Babu wanda ya yi motsi. Ya dubi lauya, ta kau da kai. Ya dubi maƙwabcinsa, yana kallon ƙasa.

Babban alƙalin ya daɗe yana duban takardar gabansa. Sannan ya ce a hankali, "Malam Kalib, zauna. A ba shi ruwa. Akwai abin da za a karanta maka."

Aka karanta masa abin da Mai Gyare ya faɗa a kan gadon.

Bayan sati biyu aka yanke hukunci. Kotu ta ce ta yarda da mai ɗaukaka ƙara a kan abu ɗaya: na'urarsa ba matacciya ba ce, shi kuma ba jahili ba ne. Saboda haka ba mai sayar da abin da bai sani ba ne, mai gani ne da ya rufe. Ta mayar da shekara biyu shekara biyar. Ta ce a riƙe na'urar. Ya sami abin da ya zo nema, an rubuta a takardar hukuma cewa ya san aikinsa.

Alkassoum kuwa ya daɗe da kwashe rumfarsa ya yi arewa. Mano ya tone bututunsa, amma masu sayen kabewarsa ba su dawo ba. Takardun Mai Gyare suna nan a gidaje da yawa, masu su ba su san ko a cikin lafiyayyu suke ko a cikin sauran ba. Wanda ya sani yana kaso, kuma ko ya faɗa wa zai yarda?

Fibi tana nan tana gudu a layi, lafiyarta lau a ido. Likita ya duba ta ya ce bai ga komai ba, a riƙa kawo ta. Ko gadon ya yi mata wani abu, ko bai yi ba, Allah kaɗai ya sani. Wannan rashin sanin shi ne kyautar da aka ba iyayenta. In ta yi tari sai su dubi juna.

Ya 'yan uwa, ga darasin a fili. Maƙaryaci yana da laifi, amma wanda Allah ya ba sani ya ɗora yatsa a kai ya fi shi. An ba mutumin nan abin da zai kare unguwa guda, ya maishe shi abin rufe bakinta. An rufa masa asiri da hukunci mai sauƙi, ya ƙi, don ya fi son a ce masa mugu mai ilimi da a ce masa jahili. Ya nemi a buɗe shaida, bai taɓa neman ya buɗe zuciyarsa ba. Kuma wata goma sha huɗu yana rubuta takardu a kan sunansa, bai rubuta layi ɗaya a kan yarinyar da ke kwana bayan katangarsa ba.

Kowannenmu yana da allurar da shi kaɗai yake gani. Mai awon hatsi yana da tasa. Direban da ya san birkinsa yana da tasa. Mai sayar da magani, mai ba da aure, mai wa'azi, kowa da tasa. Ina yatsanka yake yanzu? Kotun Tahoua tana da sama da ita. Akwai kotun da ba ta da sama, ba a makara da takarda a cikinta, kuma ba a fitar da shaidu waje.

Allah ya kiyaye mu daga sanin da zai zama shaida a kanmu. Allah ya kiyaye maƙwabtanmu daga kyautarmu in akwai cuta a cikinta. Allah ya ba mu tuba tun zare bai yanke ba. Amin.

Ranar da Kalib ya dawo Arlit, bai shiga shago ba. Ya jawo gadon shi kaɗai ya fitar layi, ƙafafunsa suna jan layi huɗu a ƙasa. Yana nan har yanzu jingine da katanga. Masu tara ƙarafa suna ratse shi, babu wanda ya san inda ake kai irinsa, na'urar da za ta faɗi zafinsa kuma tana can cikin jaka a Tahoua.

Da magariba ta kusa, Zahra tana tsakar gida tana tankaɗe. Priskila ta tako kan turmi ta leƙo ta kan katanga, a daidai wurin da aka taɓa leƙa musu. Ba ta ɗaga murya ba. Matan da ke bakin famfo suka tsaya da bokitansu.

Ta ce, "Yaya Zahra, daren da gyaren ya yi kukan nan, ke ma kin ji?"